Gobara ta ci ɗakuna biyu: ta ina za a fara neman diyyar inshora?

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya mayar da alheri, Ya tsare gaba. Ka ce wutar lantarki ta cinye ɗakuna biyu a gidanka na Hotoro, kana da inshora amma ba ka san ta inda za ka fara ba.

Yau ɗin nan ka sanar da kamfanin a rubuce, ko ta imel ne, domin takardar yarjejeniyarku ta sa wa'adi, kuma jinkiri kaɗai kan sa a hana mutum haƙƙinsa. Don Allah kada ka bari yara su share wurin, kada ka kira birkila. Ka ɗauki hotuna da bidiyo, ka bar ƙonannen rufi da wayoyi yadda suke har mai kimanta asara ya zo ya gani. Ka karɓo rahoton Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, ka haɗa da rasitan kaya da lissafin gyara daga magini.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne kuɗin da aka rubuta tun farko. Idan ka yi wa gidan inshorar naira miliyan 10, alhali sake gina shi yau zai ci miliyan 20, to rabin asararka za su biya. Da yadda siminti da kwano suka yi tsada, wannan yana damuna ƙwarai. Ka kuma duba ko kayan ɗaki suna ciki, don wata yarjejeniyar gini kawai ta shafa.

In sun yi ta ja maka rai, kai ƙara NAICOM, wato hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa. Ko takaful ka yi, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, ita ce ke sa ido a kan kamfanonin.