Hukuncin sa hannu a madadin mahaifi don gwajin sabon maganin ciwon daji

Tambaya: Malam, mahaifinmu yana jinya a Indiya. Ciwon dajin huhunsa ya bazu zuwa ƙashi, kemo kuma, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, ya daina yi masa aiki. Likitoci sun ba mu takardar shiga gwajin wani sabon magani mai zaburar da garkuwar jiki. Ba mu gaya wa Baba tsananin ciwon ba. Wani malami ya ce wannan jefa kai ga halaka ne. Ya halatta in sa hannu a madadinsa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku ladan jinya. Neman magani halal ne, ba sai an tsaya kawo hujja ba.

Maganar jefa kai ga halaka kuwa ba ta zauna ba. Abu Ayyub al-Ansari, Allah Ya ƙara masa yarda, ya bayyana cewa ayar da ta hana jefa kai ga halaka ta sauka ne kan Ansar da suka so komawa gyaran dukiyoyinsu su bar jihadi. Ko an ɗauke ta a kan faɗinta, wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa yana auna cuta biyu ne ya ɗauki mafi sauƙi, kuma ƙa'idar fiƙihu ke nan. Sannan irin wannan magani ba tatsuniya ba ne. Aikinsa shi ne cire takunkumin da ciwon ke sa wa garkuwar jiki don ta gane ƙarin dajin ta yaƙe shi, kuma magungunan Keytruda da Opdivo, waɗanda Amurka ta amince da su a 2014, ta hanyar gwaji suka fito. Da hukuncin malamin nan daidai ne, da babu maganin da zai halatta a fara shi.

Sai dai, ɗana, abin da ya tsayar da ni shi ne cewar da ka yi ba ku gaya masa ba. Muddin yana cikin hayyacinsa, jikinsa amana ce a hannunsa, sa hannunka ba ya tsaya masa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta sharɗanta yardar mutum mai cikakken hankali, ba tilas ba kwaɗaitarwa da abin duniya, ta kuma hana gwaji a kan wanda hankalinsa ya gushe ko da waliyyinsa ya yarda. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, wanda rigimarsa ta ta'allaƙa ga wannan yardar.

Ku samu wanda ya fi jin maganarsa ya sanar da shi cikin lallashi, a karanta masa takardar da Hausa. Ku tambayi likita ko gwajin a matakin farko yake, domin manufar wannan matakin ita ce gano adadin maganin da jiki zai iya ɗauka. Ku tabbatar mahaifinku ya san cewa garkuwar da aka zaburar takan juya kan hanji ko hanta ko huhu, kuma yana da ikon janyewa duk ranar da ya so. In ya yarda, ya halatta. In ya ƙi, babu laifi a kansa, kada ku matsa masa da kuka.

Ɓoye masa kuma yana hana shi rubuta wasiyya da faɗin basussukan da ke kansa. Kada ku sayar da gidan da iyayenku mata da ƙannenku ke ciki saboda kuɗin zama a can sai da izininsa.

Wallahu a'alam.