Kwana huɗu a Istanbul da iyali: mu sayi tikitin wurare takwas?

Tambaya: Zan je Istanbul da maiɗakina, da mahaifiyata, da yara uku, kwana huɗu za mu yi. Wani ɗan jagora ya ce in biya shi kuɗi dunƙule ya zaga da mu wuraren tarihi takwas cikin kwana biyu. In saya? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, kada ka saya. Wuri takwas a kwana biyu, da Hajiya da ƙananan yara, hawa da saukar mota kawai za ku sha, ku dawo masauki ƙafa a kumbure.

Kuɗinka ka kashe shi a Fadar Topkapi, ku ba ta safiya guda cur. Sarki Muhammad Fatih ne ya gina ta bayan ya ci birnin a 1453. Abin da zai taɓa zuciyar Hajiya shi ne ɗakin kayan amana, inda aka adana takubba da alkyabbar da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), waɗanda suka fara isowa bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517. Karatun Alƙur'ani ke tashi a ɗakin, mutum kan tsinci kansa yana hawaye. Ku yi sammako, domin layin yana da tsawo. Ranar Talata a rufe fadar take. Kuma a kula: a jirgin tiram T1, tashar da ake kira Topkapi wata unguwa ce daban. Ku sauka a Sultanahmet ko Gulhane.

Masallacin Sultan Ahmad kyauta ake shiga. Aya Sofiya, wadda aka kammala a 537 kuma aka mayar da ita masallaci a 2020, tun 2024 baƙo mai yawon buɗe ido ke biyan kuɗi don hawa benenta. Ni dai da ni ne, sai in daidaici lokacin sallah in shiga cikin masallata.

Abin da lalle za ka saya shi ne katin sufuri na Istanbulkart, da takalma masu taushi, saboda titunan unguwar daɓen duwatsu ne. Da katin nan ku hau jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, yara su tsallaka daga Turai zuwa Asiya. Kasuwar Grand Bazaar kuwa ba ta ci ranar Lahadi, sai maiɗakin taka ta tsara sayayyarta.