Amsar Kawu Kan Shukar Binne

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kuna lafiya. Ka tambaye ni me ya sa mutanenmu na Daura ke zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, har ka ce kana ganin ganganci ne aka laƙaba wa sunan tawakkali.

Ba ganganci ba ne. Daminarmu gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, shi kuwa gero yana son kusan kwana 90 kafin ya nuna. Wanda ya yi binne, ruwan farko na sauka irinsa ya fara aiki, maƙwabcinsa kuwa a ranar zai fara neman sungumi. A jigawa irin tamu, 'yan kwanakin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Da ka taɓa tsayawa a gona ƙarshen bazara da ka gane. Magidanci na gaba yana sara, yara na biye da ƙwaryar iri, a jefa, a rufe da dunduniya, yashi na ƙona tafin ƙafa. Daga nan an gama na mutum. Kullum la'asar ido na gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta taso, ya watse ba ko ɗigo. Abin da muka fi tsoro ma yayyafi ne, wanda zai jiƙa iri ya tsiro, sannan sama ta ɗauke, tsiron ya ƙone. Ga tururuwa da tsuntsaye suna ɗibar nasu.

Shi ya sa ba ka taɓa ganin dattijo ya juye irinsa duka a binne. Yakan rage wani a rumbu saboda sake shuka. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa wasa da wannan. Ai Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah.

In jira ya yi tsawo, ba a zama ana ƙorafi. Sai a yi sanarwa, a fita filin idi da tufafi marasa ado, tsofaffi da yara, a yi raka'a biyu, liman ya juya mayafinsa, a yawaita istigfari da sadaka. Wani lokaci kafin a isa gida an jiƙe. Wani lokaci kuma sai an sake fita, kuma ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce Allah ya makara ba.

Mahaifiyarka ta faɗa mini tun da ka gama bautar ƙasa kake jiran aiki, har barci ya fara gagarar ka. Abin ya tsaya mini a rai. Ka ci gaba da kai takardunka, kada kuma ka saki ɗinkin da ka koya. In ka samu sarari ka zo bana mu yi binnen tare, gonar kakanka na nan, na kuma ware maka iri.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya yi maka albarka.