Dutsen Gugar Tafiya: Me Ya Ƙona Nawa, Wanne Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Jidda ce, kuma harkar kasuwanci tana yawan kai ni Madina da Riyad. Ƙanena ya aiko mini da ɗan ƙaramin dutsen guga daga Amurka, amma ranar da na fara jona shi a masauki sai ya yi ƙauri ya mutu. Mene ne dalili, kuma wane iri ya kamata in saya wanda zai goge mini abaya da shaddar maigida? Daga wata mai karatu, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Abin da ya kashe dutsenki bambancin ƙarfin lantarki ne, domin wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Saudiyya kuwa a yanzu 230 ce, kuma idan aka ninka wa wayar da ke ɗumama dutse ƙarfin wuta sau biyu, zafin da take fitarwa yakan ninku kusan sau huɗu, wanda ba za ta iya jurewa ba. Mai yiwuwa ma dutsen yana da ɗan makunni a gindinsa da ake juyawa tsakanin 120 da 240, aka bar shi yadda ya zo, domin yawancin duwatsun tafiya haka ake ƙera su, sai dai mutane ba su cika duba wurin ba.

Saboda haka, kafin ki tambayi farashi, ki juya dutsen ki karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Idan tafiyarki ba ta wuce Saudiyya, Najeriya, Nijar da Sudan ba, mai 220 zuwa 240 ya wadatar. Amma ki sani cewa wasu tsofaffin gidaje a Jidda da Makka har yanzu suna da soket mai 127, ragowar tsohon tsari, kuma a nan dutsen ba zai ƙone ba, sai dai ya ƙi yin zafi har ki ɗauka ya lalace. Ki kuma zaɓi mai kai irin na Ingila, wato mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda shi ne tsarin Saudiyya. Soket ɗin banɗakin otal da aka tanada don injin aski kuwa, kada ki kusance shi da dutse, domin ba ya ɗaukar nauyi.

Game da tufafi, gaskiyar magana ita ce ƙaramin dutse mai wat 800 zuwa 1,000 aikinsa gyara abin da ya yamutse a akwati. Abaya yana iyawa da ita sarai, muddin kin rage zafi zuwa ɗigo ɗaya a kan ma'aunin zafin dutsen, wato kimanin digiri 110, kuma kin goge ta ta ciki ko kin shimfiɗa wani ƙyalle mai laushi a kai, don baƙin yadi na roba idan ya sha zafi yakan yi ƙyalli da ba ya fita. Shadda kuma auduga ce mai son ɗigo uku da yayyafin ruwa da nauyin hannu. Iyayenmu ma wurin mabuga suke kai ta, ba don rashin dutse ba. Kaftani da wando za ki iya lallaɓa su idan kina da haƙuri, kina bin aikin wuya ta baya. Babbar riga kam, a ganina, ki kai ta magsala, wato shagon wanki da guga, a goge, a naɗe ta da kyau tun daga gida, ki huta da ɓata dare.

Idan kin sayi mai tururi, ki riƙa zuba masa tataccen ruwa irin na batir, domin gishirin ruwa yana toshe ƙofofin tururin, daga baya ya riƙa tofa fararen tabo a kan baƙar abaya. Ki zubar da ruwan, ki bari ya huce sarai kafin ya shiga akwati, musamman idan jirgi za ki hau.

Lokacin aikin Hajji kuma ki bar shi a masauki, kada ki tafi da shi Mina. Tun bayan gobarar 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300, aka sauya tantunan zuwa waɗanda ba sa saurin kamawa da wuta, kuma hukumomi suna tsanantawa a kan duk abin da ke iya tayar da gobara a can.