Amsa: Tabon mai a jikin takardar bango

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce man kitso ya ɓata takardar bangon ɗakinki daidai saitin gado, kina tambaya ko a wanke da omo. Don Allah dakata tukuna.

Fara ɗiga ruwa kaɗan a bayan kabad. In ya gangaro, mai leda ce, tsumma mai ɗan danshi da sabulun wanka sun isa, ki goge a hankali ki tsane. In kuwa ta shanye ruwan, zallar takarda ce, ruwa zai kumbura ta ta ɓare.

Irin wannan ce a ɗakina a ƙauyenmu wajen Ringim. Farar takarda na ɗora a kan tabon, na bi da dutsen guga mai ɗumi kawai, ba mai zafi ba. Sai ga man yana fitowa a jikin takardar, na canza har sau uku. Ragowar na shafa masa hoda ya kwana, da safe na kakkaɓe.

Amma in baƙi-baƙi ne ya fito da damina, danshi ne daga bango. A duba indararo da rufin tukuna, in ba haka ba zai dawo.