Amsar Kawu kan kiɗan garayar da ka tono

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu yana tafiya daidai. Saƙonka ya same ni tun ranar Talata. Ban amsa da wuri ba don na ce sai na saurari abubuwan da ka turo kaf, har da wancan mai minti goma sha ɗaya da babu komai a cikinsa sai gurnani, kamar an tayar da janareto a ƙasan rijiya. Hajiya ta leƙo sau biyu tana tambaya ko wayar ce ta lalace. Na ce mata a'a, kiɗan 'ya'yan yanzu ne. Ta ce Allah ya kyauta.

In na fahimce ka, kuna da zaure a waya, kai da abokanka na ƙasashe dabam-dabam, kuna farautar kaɗe-kaɗe masu tayar da tsikar jiki kuna aika wa juna. Kai kuma ka tsinci wani tsohon ɗauka na garaya a intanet, ka rage masa gudu, ka ƙara masa amsa-kuwwa, don ka nuna musu mu ma muna da namu. Kana cikin gwada shi a tsakar gida da magariba sai babarka ta fito ta ce ka kashe, kuma kada ta sake ji. Shi ne kake tambayata ko camfi ne kawai, ko akwai wata al'ada da ka taka.

Ka taka, amma ba da gangan ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya gaya maka.

A wurinmu kiɗa yana da mai shi. Tambari na sarki ne, duk kuɗin attajiri ba a buga masa. Kalangu da mahauta aka san shi, dundufa da maƙera. Ɗan dambe yana da takensa, ɗan tauri ma haka, kuma na ga ƙato yana cin tuwo a bakin kasuwa aka taɓa takensa daga nesa, ya miƙe da miya a hannu yana tsuma. Ba daɗin kiɗan ne ya tashe shi ba, sunansa aka kira. To garaya da goge, in suka shiga fagen bori, haka suke aiki. Kowace iska da takenta da kirarinta: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Inna, na Kure, na Malam Alhaji, har Kuturu da Bebe. Masu abin suna cewa duk mutanen Jangare ne, birnin da ido ba ya gani, kuma in makaɗi ya taɓa taken ɗaya daga cikinsu, shi ake gayyata ya zo ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, wato mutumin da aka yi wa girka da shi. Abin da kai ka ji a matsayin sauti mai ban tsoro, babarka kuwa suna ne ta ji ana kira a tsakar gidanta. Ga shi kuma da magariba, lokacin da ake kora yara ɗaki, ake hana zama a bakin ƙofa. Mutanen da suka hana ka yin fito da dare, kana ganin za su bar ka da garaya?

Kada ka ɗauka kare bori nake yi. Ka san ni, ka kuma san matsayin malamanmu a kansa tun zamanin Shehu Usmanu, har 'yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, 'yan taru ke nan, don su sami abin riƙo da ya fi shi. Amma barin abu dabam, mantawa da shi dabam. Gidaje da yawa sun bari, kunnuwansu ba su manta ba.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba, don ba labarin abin alfahari ba ne. A shekarun 1970, ina sabon ɗauka a gidan rediyo, aikina rataya rikoda a kafaɗa da riƙe makirfo. Uher ce, mai tef na zare, nauyinta sai ka sauya kafaɗa. Aka tura mu wani ƙauye ranar kasuwa mu ɗauko kaɗe-kaɗen gargajiya. Muka sami wani tsoho mai garaya a gindin tsamiya, da yara biyu masu kaɗa gora. Garayar tsirkiya biyu ce kawai, fatar jikinta ta yi baƙi don shan hannu, amma in ya fara sai ka rantse mutum uku ne. Muka ba shi goro da ɗan abin da aka ba mu, ya yi mana na mafarauta, ya yi na Ɗan Galadima yana murmushi, ya ce wannan ɗan sarki ne, mai son wasa da kyauta. Da na roƙe shi ya yi mana wanda ya fi kowanne nauyi, sai ya kwantar da garayar a cinya ya dube ni. Ya ce, "Yaro, in na kira shi ya zo, a cikinku wa zai sallame shi?" Babban da muke tare da shi ya yi dariya. Tsohon bai yi ba.

Da muka dawo gari dare ya yi, ofis a rufe, sai na wuce gida da rikodar. Ƙuruciya, ina so a ga ni ma na zama ma'aikaci. Washegari da hantsi na ajiye ta a kan tabarma a tsakar gida na kunna, yara suka kewaye ni. Akwai wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai yawan azumin nafila, ta shigo aron rariya. Taken Ɗan Galadima yana shigowa ta tsaya cik. Rariyar ta faɗi ta gangara har gindin turmi. Sai hamma, wata na bin wata, sai kafaɗunta suka fara rawa, idonta a buɗe amma ba mu take kallo ba. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta fito daga madafa da gudu, ta yaye mayafinta ta lulluɓe ta, ta daka mini tsawar da har yau ina jin ta. Hannuna na rawa na rasa madannin, sai batir na zare. Aka shige da matar ɗaki. Can an jima muka ji atishawa, sai shiru.

Daga baya na ji ashe an yi mata girka tun tana budurwa, ta tuba ta bari shekara da shekaru, 'ya'yanta ma ba su sani ba. Ranar na tona mata asiri a gaban yara. Ba ta sake shigowa gidanmu ba sai bayan wata biyu, kuma ni aka tura da goro na je na durƙusa. Abin da kakarka ta ce mini shi ne, "Ka je gidan mutane ka ɗauko baƙonsu ka sauke mini a tsakar gida." Likita da malami da mai garaya kowa zai fassara abin da ya sami matar nan yadda ya sani, ni dai abin da na sani shi ne ni na ja mata. Yarinyar da ke tsaye a gindin turmi ranar, wadda rariyar ta tsaya a ƙafarta, ita ce babarka. Ba ta fi shekara bakwai ba.

Game da rage gudu da amsa-kuwwa kuwa, kada ku ɗauka ku kuka fara. Mu ma mun yi da reza da salatif, muna yanka tef muna liƙewa. Tef ɗin da aka ɗauka a gudun inci bakwai da rabi, in ka juya shi a rabin wannan gudun, muryar yaro sai ta koma ta ƙato, da haka muke yin muryar dodo a wasan kwaikwayo. Kuma tun kafin mu an yi wanda ya fi wannan. A 1944 wani saurayi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ɗalibin aikin gona, ya ari rikoda mai ɗauka a kan siririyar waya daga wani gidan rediyo, ya je ya ɗauko waƙoƙin mata a taron zar. Zar ɗan'uwan bori ne, a Sudan ma haɗa sunayen biyu ake yi a ce zar bori. Ya koma ɗakin ɗauka ya yi ta tace sautin yana mayar da shi cikin amsa-kuwwa har kalmomi suka narke, aka bar wani kuka sama-sama kamar iska a cikin kango. Wannan ya riga aikin Pierre Schaeffer na Faransa da shekara huɗu, wanda a 1948 ya haɗa kiɗa da ƙarar jiragen ƙasa, kuma shi aka daɗe ana kira uban fannin haɗa kiɗa daga sautukan da aka ɗauka. El-Dabh ya koma Amurka ya koyar, ya rasu a 2017 yana da shekara 96. Ka nemi guntun da ya saura na aikin nan, bai fi minti biyu ba, zai yi wa zaurenku daɗi. In ka saurara kuma ka lura da abu ɗaya: sunansa ya zaga duniya, matan da muryarsu ce a ciki ba a ambaton ko ɗaya.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna da shirinka, fiye da maganar iskoki. Abokanka na waje abin da ke ba su tsoro a garayar nan rashin sani ne. Ba su san kayan kiɗan ba, ba su jin harshen, sai zuciyarsu ta cike gurbin da abin da ta ga dama, kuma ka san irin abin da aka saba cikewa da shi in an ce Afirka. Wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauki fim ɗin 'yan ci-ranin Nijar a Akara suna hawan iskokin da ke kwaikwayon gwamna da sojojin Turawa, waɗanda Hausawan Nijar ke kira Babule. Da aka nuna fim ɗin a Faris a tsakiyar shekarun 1950, 'yan Afirka da ke wurin ransu ya ɓaci ƙwarai, don sun san idon da za a kalle shi da shi, alhali mutumin ya san mutanen, da yardarsu ya ɗauka. Ina ga kai da za ka tura guntun sauti ba suna ba bayani, ka kuma ƙara masa duhu da hannunka?

Ban ce kada ka tura ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina yawo da makirfo ba ni da bakin hana ka. Amma tsohuwar ƙa'ida tana nan, ko a waya: ba a ɗaukar kiɗan mutum a tafi ba sallama. In ka san sunan makaɗin da garinsu ka rubuta, in yana raye ko 'ya'yansa suna nan ka nemi izini, in abin ya kawo ko sisi ka kai musu rabonsu, don makaɗi bai taɓa kiɗa a banza ba. Ka tura na asalin tare da naka, su ji yadda mai shi ya yi kafin su ji yadda ka mayar da shi. Ka gaya musu garaya ce, ta mafarauta ce tun asali, kuma wannan take ne mai suna. In Bahaushe za ka aika wa, musamman babba, ka faɗa masa abin da ke ciki kafin ya danna, ba ka san wa ke zaune kusa da shi ba. Kai kanka ka sa abin kunne, ka bar tsakar gida, ka bar magariba. Wanda ka turo mini ɗin nan ma na ji ka yanke shi a tsakiya, daidai inda gora ta fara zafi. Tsohon nan na gindin tsamiya da ya ji da ya tambaye ka inda ka kai sallamar.

In kuma tsikar jiki kake nema tsakani da Allah, ba sai ka je Jangare ba. Ka taɓa jin sarewar makiyayi daga hayin rafi bayan isha, ka rasa ta wane gefe take zuwa? Ko gangar mai tashin mutane sahur tana nisa tana kusa a cikin lunguna, karnuka na amsa mata? Ko kakaki a ƙofar fada daren Juma'a, in kana can bayan gari inda ƙarshen sautin kawai ke iso maka? Akwai goge in mai shi yana shafa wa izga ƙaro yana gwada ta kafin ya fara, wannan kukan na farko da bai zama waƙa ba tukuna. Akwai guga tana bugun bangon rijiya mai gaba ashirin, da hunturu in ya shiga kangon gidan ƙasa da rufinsa ya rufta. Waɗannan ba su kiran kowa, kuma na tabbata babu wanda ya taɓa turawa a zaurenku. Wayar da ke aljihunka ta fi Uher ɗina kunne nesa ba kusa ba, sai dai ka rufe bakin makirfon da ɗan soso ko safa saboda iska, ka kuma yi haƙuri ka yi shiru, don mafi yawan abin da ke ɓata ɗauka numfashin mai ɗauka ne da motsin rigarsa.

Babarka kuwa kada ka je mata da hujja. Ka ba ta haƙuri kawai, kada ka ce na ba ka labarin rariya, in ta so ita za ta ba ka da bakinta. In ka zo hutun Sallah ka tuna mini, akwai kwali biyu na kaset a saman kwabata da na kwafe daga tef kafin in yi ritaya, har da na tsohon nan. Wasu sun fara cin kansu. Ka zo da igiyar da ake haɗa rediyo da kwamfuta mu kwashe su, amma a shagon zaure za mu yi, da rana, in Hajiya ta tafi unguwa.

Ka gaida mutanen gida.

Kawunka