Shafina Ya Daina Buɗewa, Wai DNS Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta intanet. Makon jiya shafina ya daina buɗewa, imel ma ya tsaya. Yaron da ya haɗa mini shafin ya ce sabar, wato na'urar da shafin ke zaune a kai, lafiyarta ƙalau, wai DNS ne. Mene ne shi, kuma ta yaya zan kiyaye gaba? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba. DNS shi ne kundin da ke haɗa sunan shafi da lambarsa. Mai saye ya rubuta sunan shafinki, wayarsa ta tambayi DNS lambar IP ta sabar, wato adireshinta a intanet. In ba ta samu amsa ba, shafin yana nan daram amma ba mai isa gare shi. A cikin DNS, bayanin da ake kira rikodin A ke nuna shafi, rikodin MX ke nuna inda imel zai sauka, shi ya sa suka ɗauke tare.

Manya ma abin bai bar su ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, kuskuren saiti ya katse hanyar zuwa sabobin DNS na Facebook, shi da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida.

Ga ƙananan 'yan kasuwa kuwa, wa'adin rajistar sunan shafi ne ya fi ƙarewa ba a sani ba: katin banki ya mutu ko ya ƙi biyan dala, saƙon gargaɗi kuma yana tafiya imel ɗin wanda ya yi rajistar. Fara duba nan. Ki sa a mayar da rajistar kan sunanki da imel ɗinki, ki kunna sabuntawa ta atomatik, ko ki biya shekara 3 a dunƙule. Sunan .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, ana iya biyansa da naira. Ki kulle sunan kada a sauya masa kamfani, ki sa tantancewa mataki biyu.

Sai sabobin suna, wato na'urorin da ke amsa tambayar DNS ta shafinki. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma kada su zauna a kan na'ura ɗaya da shafin, don in ta faɗi komai ya tafi. Wanda cinikinsa ya yi nauyi ya raba su tsakanin kamfanoni biyu. Darasin harin da aka kai wa Dyn, wani kamfanin DNS, a 2016 ke nan, ranar da Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka.

In za a sauya sabar, a rage TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohuwar amsar DNS kafin a sake tambaya, daga daƙiƙa 86,400 (kwana ɗaya) zuwa 300 kwana ɗaya kafin nan. In ba haka ba, wasu masu saye za su yini suna bin tsohuwar lambar.